Makabartar da ta koma wurin shan iska a Landan

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

A bakin titin City Road, cikin unguwar Islington ta birnin Landan, akwai wani ɗan fili da ake kira Bunhill Fields. Girmansa bai wuce eka huɗu ba, mai sauri zai ratsa shi cikin minti uku. Amma ƙasar da yake takawa ta rufe mutum kusan 123,000.

Da tsakar rana na shiga, daidai lokacin da ma'aikatan ofisoshi ke fitowa cin abinci. Wata mata tana zaune a benci ta buɗe ledar burodinta, kabari a gabanta, kabari a bayanta. Wani saurayi ya kafa waya a kunne yana ta kwasar dariya. Ga kurege yana tsalle daga wannan dutsen kabari zuwa wancan. Sai da tsigar jikina ta tashi. Mu da muka taso ana koya mana cewa in ka shiga makabarta ka yi wa mamata sallama, ka sassauta murya, kada ka kuskura ka zauna a kan kabari, ba ƙaramin abu ba ne mu ga wannan mu kau da kai.

To amma da na bi tarihin wurin, sai na sassauta hukuncina.

Ana danganta sunan Bunhill da tudun ƙasusuwa, domin a 1549 an kwaso ƙasusuwan mamata daga harabar cocin St Paul, fiye da amalanke dubu, aka jibge su a nan. A 1665, shekarar babbar annoba, aka kewaye filin da katanga. Daga baya ya zama makwancin Kiristocin da suka ƙi bin Cocin Ingila. Da ya cika maƙil, aka daina binnewa a 1854.

Nan ne fa hatsarin yake. Makabartar da aka daina kai gawa, kuma a tsakiyar birni inda ƙasa ke da tsadar gaske, nama ce a gaban kura. Wa'adin hayar filin zai ƙare a 1867, aka ji tsoron za a tashi kaburburan a yi gine-gine. Sai majalisar dokoki ta yi doka a wannan shekarar cewa filin zai zauna a buɗe, aka shuka itatuwa, aka fitar da hanyoyi, aka buɗe wa jama'a a 1869. Wato bencin nan da ya ɓata mini rai, yana cikin abin da ya hana a tone mutanen da ke kwance.

Ba ina cewa mu ɗauki kwanon tuwo mu nufi makabarta ba ne, Allah ya kiyaye. Sai dai duk wanda ya san tsofaffin makabartun da gari ya cimma a wajenmu, ya san yadda suke ƙarewa: katanga ta zube, awaki su shiga, a fara zuba shara, wata rana a wayi gari wani ya aza harsashin gini a gefe. Muna girmama makabarta ƙwarai, amma daga nesa, shi ya sa in ana cin gefenta ba mai gani. A Bunhill kuwa akasarin kaburburan suna bayan shingen ƙarfe, mai cin burodi ba ya taka su, idonsa dai yana kansu kullum.

Akwai kabarin Daniel Defoe, marubucin littafin Robinson Crusoe, wanda ya rasu a 1731. Doguwar hasumiyar dutsen da ke kansa, yara ne suka yi karo-karo aka kafa ta a 1870, bayan wata jarida ta yi kira gare su. Mawaƙi William Blake kuwa, da ya rasu a 1827, kabarin talakawa aka sa shi, tare da wasu, ba ko alama. A 2018 aka ɗora sabon dutse a daidai inda yake, bayan wasu masoyansa sun shafe shekaru suna bin tsofaffin rajistoci suna auna ƙasa.

Wanda ya fi tsayar da ni shi ne kabarin wata baiwar Allah, Mary Page. A jikin dutsen an rubuta cewa cikin wata 67 sau 66 likitoci suka huda ta suka zuƙe mata ruwa, jimilla galan 240, ba ta taɓa ƙorafi ba, ba ta kuma taɓa jin tsoron aikin ba. Kusan shekara 300 ke nan, rubutun bai goge ba. Na karanta sau biyu. Da na juyo, matar nan ta gama cin burodinta, tana kakkaɓe wa tattabaru ɓurɓushi.