Sharhi: Inda mulki ke kwana a tsarin firaminista

Jama'a masu saurare assalamu alaikum, barkanmu da war haka daga nan birnin Dikko.

A watan Fabrairun 2024 wasu 'yan majalisar wakilai su kusan 60 suka gabatar da ƙudiri a Abuja cewa a maido Najeriya kan tsarin firaminista, kuma tun lokacin in ka zauna teburin mai shayi a Ƙofar Ƙaura ko majalisar dattawa bayan la'asar, da an taɓo zancen abu ɗaya za ka ji, wai tsarin shugaban ƙasa ya cika tsada. Gaskiya ne yana da tsada, ban musa ba. Amma ni abin da nake so mu duba yau shi ne yadda ake cin zaɓe a wancan tsarin, da kuma hannun da mulki ke kwana a cikinsa bayan an ci, don wallahi in ba mu fahimci wannan ba za mu sayi doki ne a cikin buhu.

A tsarin firaminista babu akwatin shugaban ƙasa. Kai mai zaɓe ɗan majalisar mazaɓarka kawai za ka dangwala wa, shikenan ka gama naka, jam'iyyar da ta tara kujeru mafi rinjaye jagoranta shi zai kafa gwamnati. To kaga ke nan lissafin kamfe ya sauya tun daga tushe.

Mu ɗauki Ingila. Ranar 4 ga Yulin 2024 suka yi zaɓe, kujeru 650 ne a majalisarsu. Jam'iyyar Labour ta Keir Starmer ƙuri'un da ta samu ba su ma cika kashi 34 cikin 100 ba, amma ta kwashe kujeru 411. Yanzu ku saurari wannan da kyau, jam'iyyar Reform ta samu ƙuri'a sama da miliyan 4, ta tashi da kujera 5 kacal, ita kuwa Liberal Democrats ƙuri'arta ba ta kai ta Reform ba, wajen miliyan 3 da rabi, amma ta ci kujeru 72. Mi ya kawo haka? Su Liberal sun zauna ne sun ware mazaɓun da suka san suna bin 'yan Conservative, jam'iyyar da ke mulki a lokacin, a ƙafa, galibi a kudancin ƙasar, suka zuba kuɗinsu da 'yan sa-kai a nan, gida gida ana ƙwanƙwasa ƙofa ana rubuta wa ke tare da mu wa ke shakka, wanda ke shakka a koma masa sau biyu sau uku, sannan suka riƙa ce ma magoya bayan Labour na waɗannan wuraren ku ara mana ƙuri'arku tunda naku ba zai kai labari a nan ba. Reform kuwa ƙuri'arta ta bazu ko'ina kamar an watsa gero a fili, ta zo ta biyu a mazaɓu da yawa, kuma ta biyu ba ta da komai. Duk kamfen ɗin ma sati shida aka yi, kuma dokarsu ta hana ɗan siyasa ya sayi filin talla a rediyo ko talabijin.

To mu dawo gida. Jihar Katsina kujeru 15 take da su cikin 360 na majalisar wakilai, wanda duk ke son mulki a wancan tsarin sai ya haɗa 181. A tsarin da muke ciki yanzu duk ƙuri'ar da aka jefa a Baure ko Sabuwa kwando ɗaya take faɗawa na ƙasa baki ɗaya, shi ya sa a 2019 da Marigayi Muhammadu Buhari ya samu ƙuri'a sama da miliyan 1 da dubu 200 a jihar nan, kowace ɗaya ta yi masa aiki, ta cike masa giɓin wasu jihohin. Amma da tsarin firaminista ne, in ɗan takararka ya ci mazaɓar Daura, Sandamu da Mai'adua da ratar dubu 100, kujera ɗaya ce, in da ratar ƙuri'a 10 ya ci, kujera ɗaya ce dai, ragowar ta tafi a banza. Saboda haka mai tsara kamfe ba zai ɓata kuɗi wajen cika filin wasa na Karkanda da motocin haya ba, zai ɗauki rajista ne ya nemo mazaɓar da aka yi kankankan a zaɓen baya ya tare a can. Wannan yana da daɗi ga wanda mazaɓarsa ake kokawa a kanta, zai ga ɗan takara a ƙofar gidansa. Wanda kuma aka san ko an zo ko ba a zo ba ƙuri'arsa ta wane ce, to shi fa sai dai ya ji labari a rediyo, kuma mu Katsinawa ya kamata wannan ya dame mu, don mun daɗe ana mana kallon 'yan gida da ba sai an lallashe su ba.

Kuma fa abin nan ba baƙo ba ne a wajenmu, iyayenmu sun yi shi. Zaɓen Disambar 1959 a wannan tsarin aka yi, kujeru 312, Arewa ita kaɗai tana da 174. Tsofaffi a nan Katsina har yanzu za su ba ka labarin fartanya da tauraro, 'yan Salama da 'yan Sawaba, wato NPC da NEPU. Jam'iyyar NPC ba ta wahalar da kanta wajen neman ƙuri'a a Kudu ba, ta san lissafinta, ta riƙe Arewa gam ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai, alhali Cif Awolowo har jirgi mai saukar ungulu ya riƙa hawa yana zagaya garuruwa. Da aka ƙirga NPC ta samu 134, NCNC ta Dakta Azikiwe da NEPU a haɗe 89, Action Group ta Awolowo 73. Babu wanda ya kai rabi. Sai aka koma ɗaki aka yi ciniki, NPC ta ƙulla ƙawance da NCNC, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama firaminista, Dakta Azikiwe ya zama Gwamna Janar daga baya, Awolowo ya koma jagoran adawa, ita kuwa NEPU ta Malam Aminu Kano sai ta wayi gari abokiyar tafiyarta tana cikin gwamnati ɗaya da wadda take yaƙa a gida.

A nan ne nake so mai saurare ya tsaya ya yi tunani. Shugaban NPC Sardauna ne, Sir Ahmadu Bello, amma bai je Ikko ba, ya zauna Kaduna yana Firimiya, mataimakinsa a jam'iyya shi ya tafi ya riƙe ƙasa. Kowa ya san nauyin maganar Sardauna a lokacin, saboda 'yan majalisar da ke riƙe da gwamnatin tarayya a ƙarƙashin tutarsa suka ci zaɓe. Wato wanda ke riƙe da jam'iyya shi ke riƙe da igiyar. Wani abu kuma mai kyau da za a faɗa, minista a wancan tsarin daga cikin majalisa ake ɗauko shi, Marigayi Musa 'Yar'aduwa da ya riƙe ministan harkokin birnin Ikko ɗan majalisa ne da jama'a suka tura daga nan, yana da mazaɓar da dole ya dawo ya kalli idonta, ba irin wanda za a ɗauko daga otal a Abuja bai taɓa cin ko akwatin ƙofar gidansu ba.

Bayan an ci zaɓe kuma firaminista ba ya barci da ido biyu rufe. A Ingila Margaret Thatcher ta ci zaɓe sau uku a jere, 1979 da 1983 da 1987, amma a Nuwambar 1990 'yan majalisar jam'iyyarta ne suka sa ta sauka, ba 'yan adawa ba. Boris Johnson ya ci kujeru 365 a 2019, a Yulin 2022 ministoci da muƙarrabansa sama da 50 suka ajiye aiki cikin kwana biyu, dole ya haƙura. Liz Truss da ta gaje shi kwana 49 ta yi, a 2024 ma kujerar mazaɓarta ta suɓuce mata. A Indiya a 1999 ƙuri'a ɗaya tak ta kayar da gwamnatin Vajpayee a majalisa. Shi kansa Narendra Modi da ake ganin ya fi ƙarfin kowa, a 2024 jam'iyyarsa ta BJP 240 ta samu cikin 543 alhali 272 ake buƙata, sai da ya jingina da Chandrababu Naidu mai kujeru 16 da Nitish Kumar mai 12, mutum biyu masu jam'iyyun jiha suka zama su ne ginshiƙin gwamnatin ƙasa mai mutum sama da biliyan 1. Ku kwatanta da namu, tun 1979 da muka ɗauko tsarin Amurka ba a taɓa tsige shugaban ƙasa ba, sai an haɗa kashi biyu cikin uku na majalisun biyu, in ya gaza sai dai talaka ya ƙirga shekara huɗu.

Wannan ɓangaren ni ma yana burge ni ƙwarai, ina so in ga ranar da mai mulki zai tsaya a zauren majalisa duk sati ana jefa masa tambaya kan tsaro a Jibiya da Batsari da Faskari yana amsawa da bakinsa, ba ta bakin mai magana da yawunsa ba. Amma tsorona ɗaya ne kuma babba ne. Su waɗannan 'yan majalisar da za a damƙa ma wuƙa da nama, wa ke tsayar da su? Dukkanmu mun ga yadda ake zaɓen fidda gwani, a kwashi daliget a kai su masauki a rufe, a raba abin da za a raba, ko kuma a ce an yi masalaha alhali suna ne aka aiko daga sama, wanda ya yi shekara goma yana hidimar jam'iyya a gunduma a ce masa ya yi haƙuri. In da haka za mu shiga tsarin firaminista to gwamnoni da iyayen gidan siyasa za su riƙe 'yan majalisa a aljihu, firaminista ya koma yana bin su gida gida, kuma duk mai kuɗin da ya iya sayen mutum 20 ko 30 zai iya kifar da gwamnati a dare ɗaya. Mun ga ɗanɗanon haka a Jihar Yamma a 1962, rikicin Awolowo da Akintola ya kai ana jifa da kujeru a zauren majalisa a Badun har aka kafa dokar ta-ɓaci, wutar ba ta mutu ba har zuwa juyin mulkin 15 ga Janairun 1966. Indiya da sauya sheƙa ya ishe ta sai ta yi doka a 1985, ka bar jam'iyyar da ta kawo ka ka bar kujerar. Mu ma sashe na 68 na kundin tsarin mulkinmu ya faɗi haka, amma an bar ƙofa cewa in jam'iyya ta rabu gida biyu ba laifi, kuma ta wannan ƙofar kowa ke fita.

Saboda haka ina kira ga 'yan majalisarmu 15 na jihar nan, duk wanda ke goyon bayan wannan ƙudiri a cikinku ya zo ya zauna da mutanen mazaɓarsa ya faɗa masu da Hausa, wa zai riƙa tsayar da ɗan takara, 'yan jam'iyya na gunduma masu kati ko mutum ɗaya, kuma mi za a yi ma wanda ya sauya sheƙa da kujerar jama'a a hannunsa. Ƙofar wannan shiri a buɗe take ga duk wanda ya shirya amsa waɗannan tambayoyin guda biyu kai tsaye, za mu buɗe layin waya masu saurare su ma su yi tasu.

Sai gobe war haka in Allah ya kai mu, a huta lafiya.