Gidan wankan Turkawa da ya zama kurkuku a Tirikala

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau muna Tirikala, wani gari a yankin Tesaliya, tsakiyar ƙasar Girka. Yawancin baƙi wucewa kawai suke yi su nufi Meteora, inda gidajen ibadar Kiristoci suke a kan manyan duwatsu. Ni kuwa abin da ya tsayar da ni yana nan kusa da kogin Litayos.

Ku dubi wannan ƙubba. Masallacin Usman Shah ke nan, tun ƙarni na 16, kuma Mimar Sinan ne ya tsara shi, maginin nan da ya yi masallacin Sulaimaniyya na Istanbul. Ga hubbaren Usman Shah a gefe, wato gwamnan yankin a zamanin mulkin Turkawa. Yanzu ba a sallah a ciki, sai taruka na al'adu. Gaskiya na ji wani iri a raina da na shiga.

To, mu ƙarasa nan kusa, ga gidan wankan, wato hamam. Ba banza aka gina shi dab da masallaci ba. A wancan zamanin ba kowane gida ke da wurin wanka da ruwan zafi ba, ga sanyin hunturu, ga wankan janaba da na Juma'a. Tagwaye ne: ɓangaren maza daban, na mata daban, kowa da ƙofarsa. Sai ka tuɓe a ɗakin farko, ka shiga ɗaki mai ɗumi jikinka ya saba, sannan ka ƙarasa ɗakin zafi inda gumi zai yi ta tsatsafo maka. Wuta kuwa a murhu ake hura ta a bayan ɗakin zafin. Ita ke dafa ruwa, zafinta ya bi ta ƙarƙashin daɓe ya ratsa cikin bango, har ƙasa ta yi zafin da sai da takalmin katako ake taka ta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da ya biyo baya. Tesaliya ta koma hannun Girka a 1881, ba a daɗe ba aka mai da ginin gidan yari. Aka ɗora bene, aka yanka ɗakuna, kuma fursunoni suka zauna a nan har 2006. Inda mutane ke zuwa neman tsarki, nan aka riƙa garƙame mutane sama da shekara ɗari! Sai da aka kwashe su aka fara gyara, tsohon ginin ya sake fitowa fili.

Dole a yaba wa waɗanda suka gyara shi, don ba su ɓoye ko ɗaya daga cikin tarihin biyu ba. A saman bene kuma akwai gidan tarihin Vasilis Tsitsanis, mawaƙi ɗan garin da aka haifa a 1915.

Yanzu zan hau unguwar Varusi zuwa tsohuwar ganuwa, in nuna muku garin daga hasumiyar agogo. Ku biyo ni.