Jawabin Maraba Ga Mai Martaba Sarki a Wajen Baje Kolin Hotunan Katako

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara. A madadin malamai da ɗaliban sashen zane-zane, muna yi wa Mai Martaba da 'yan majalisarsa barka da zuwa, sannu da hanya.

Ranka ya daɗe, duk hotunan da ke rataye a bangon nan daga katako suka fito. Ɗalibi kan samu allo mai santsi, ya sassaƙe inda yake so ya fito fari, ya shafa tawada a kan abin da ya rage, sannan ya danna takarda. Hoton a juye yake fitowa kamar hatimi, kuma inda wuƙa ta ci, ta ci ke nan.

Bana ɗalibanmu sun bi sawun wani mai zane Bafaranshe, Paul Gauguin, wanda ya tafi tsibirin Tahiti na Polinisiya, a tekun Pasifik, a 1891, tsibirin kuwa yana hannun Faransa. Da ya dawo Paris a 1893, sai ya sassaƙa alluna goma domin littafinsa Noa Noa, wato ƙamshi a harshen mutanen can. Masu sana'ar a zamanin kan tsaftace aiki sumul. Shi kuwa ya bar sawun wuƙa a fili, ya kakkarce allon, duhu ya rinjayi haske, siffofin suka fito da nauyi irin na tiki, wato gumakan da mutanen tsibiran ke sassaƙawa. Ya rasu a tsibirin Hiva Oa a 1903. Shekara uku bayan nan aka yi babban baje kolin ayyukansa a Paris, matasa suka gani suka ɗauka. A Jamus ma 'yan ƙungiyar masu zane ta Die Brücke, da aka kafa a Dresden a 1905, suka rungumi katako da wannan kaushin.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ranka ya daɗe, shi ne sunan Gauguin na cikin kowane littafi, amma masassaƙan tsibiran da ya sha a rijiyarsu galibi ba a rubuta sunayensu ba. Shi ya sa muka ware bangon farko domin hotunan sassaƙarsu.

Ga allo nan an shafa masa tawada. Muna roƙon Mai Martaba ya taimaka ya ɗaga mana takardar farko da hannunsa mai albarka.