Sikirim na ƙafa 4, 6, 8 ko 12: wanne ne zai yi maka aiki?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau haske za mu taɓa, shi ya sa kuka ga na baje kaya a tsakiyar falo: firam biyu, ƙyallaye, fitila da buhunan yashi. Farin ƙyallen nan da ake ɗaurewa a jikin firam, a tsayar da shi tsakanin fitila ko rana da wanda ake ɗauka, shi ne sikirim. Aikinsa ya tace haske, ya kashe masa kaifi. Tambayar da masu fara sana'a suka fi yi mini a kansa ita ce girman da za su saya, kuma yawancinsu kafin ma su tambaya sun riga sun ƙudurta cewa babba ya fi.

Da ƙafa ake auna su, ko a ƙasashen da ke aiki da mita. Akwai 4 sau 4, wajen mita 1.2 ke nan kowane gefe. Akwai 6 sau 6, mita 1.8. Sai 8 sau 8, mita 2.4, da 12 sau 12, wajen mita 3.7. Daga nan sai 20 sau 20, wanda na manyan kamfanonin fim ne, kada ma mu ɓata lokaci a kansa.

Kafin mu taɓa ko ɗaya, ku tuna da rana. Faɗinta ya kai kusan kilomita miliyan 1.4, amma tana nesa da mu da wajen kilomita miliyan 150, don haka a sararin sama rabin digiri kawai take cikewa. Shi ya sa inuwar tsakar rana take da kaifi, ta zana baƙi a ƙarƙashin ido da hanci. Ashe taushin haske ba daga ainihin girman abin da ke ba da shi yake zuwa ba, daga girman da fuskar mutum take ganinsa ne a inda take zaune.

Bari in nuna muku. Malam, don Allah ɗan zauna mana a kujerar nan, ka kalli kyamara. Yauwa, na gode. Wannan ƙaramin ne, 4 sau 4, na ajiye shi ƙafa 4 daga fuskarsa. Ku dubi gefen hancinsa, inuwar ta narke a hankali, ba ka iya nuna inda ta fara da inda ta ƙare. Yanzu zan ja shi baya zuwa ƙafa 12, har da fitilar. Kun gani? Ƙyallen bai canza ba, fitilar ba ta canza ba, amma bakin inuwar ya fara fitowa. A nan, idan ina son taushin ɗazu, sai na kawo 12 sau 12. Wato ƙaramin a ƙafa 4 da babban a ƙafa 12, taushi ɗaya suke bai wa fuska.

To daga nan zaɓin yake farawa. Abin da nake fara dubawa shi ne faɗin abin da kyamara za ta gani, domin shi ne zai gaya mini iya kusancin da zan kawo ƙyallen ba tare da ya leƙo cikin hoto ba. Idan na san wannan tazarar, na san girman. Ma'aunin da nake bi shi ne kada tazarar ta wuce faɗin ƙyallen da yawa. Hoton kai da kafaɗa, hira da mutum ɗaya, 4 sau 4 ya wadatar. Daga ƙugu zuwa sama, ko mutum biyu a zaune kusa da juna, 6 sau 6. Mutum a tsaye daga kai har ƙafa, ko wanda zai yi taku biyu uku yana magana, nan kam sai 8 sau 8. Gungun mutane sai 12.

Akwai kuma abin da babba yake yi wanda ƙarami ba zai taɓa yi ba. Haske yana raguwa da sauri idan tushensa na kusa. Bari in dawo da ƙaramin ƙafa 4 daga fuskarsa. Malam, ɗan matsa baya da kujerar taku ɗaya. Kun ga yadda fuskarsa ta yi duhu nan take? Da babban ƙyalle ne daga nesa, da wannan takun bai canza komai sosai ba. Saboda haka mai ɗaukar hoto, wanda mutuminsa ke tsaye cak, yana iya cin moriyar ƙarami fiye da mai bidiyo, wanda mutuminsa ke motsi.

Yanzu ga inda masu sayen babba suke shan mamaki. Ƙyallen ba ya yin aiki da girmansa sai haske ya cika shi. Idan ka manna fitila a bayan 8 sau 8, za ta haska da'ira ƙarama a tsakiya, sauran ƙyallen yana nan a banza. Ka biya kuɗin babba, kana amfani da ƙarami. Fitilun LED irin su Aputure 300d, da kwanon da suke zuwa da shi, haskensu yana buɗewa wajen digiri 55. Kafin irin wannan ta cika faɗin ƙafa 8, sai ta ja baya kusan ƙafa 8. Ƙara wasu ƙafa 8 daga ƙyalle zuwa mutum, kana neman wajen mita 5 a gefe ɗaya na ɗaki kawai. Sannan ku ɗaga kai ku ga silin ɗin nan. Yawancin gidajen zama a nan Landan silinsu bai wuce mita 2.4 da yawa ba, daidai tsawon firam ɗin ke nan, ba a ma ɗora shi a kan sitan ba, wato ƙarfen nan mai ƙafafu da ke riƙe shi. A irin wannan ɗaki 8 sau 8 ba shi da wurin tsayuwa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Idan wuri ya matse, akwai dabara. Ka juya fitilar ta bugi farin bango ko farin allo, hasken da ya dawo ya ratsa ta ƙyallen. Yana cika ƙyallen a ɗan ƙaramin fili, kuma taushinsa ba a magana. Sai dai yana cin haske sosai, ƙaramar fitila mai wat 60 ba za ta kai labari ba.

Kaurin ƙyallen ma yana cikin lissafin. Da sitof muke auna asarar haske, sitof ɗaya yana nufin rabin hasken ya tafi. A takardun tace haske na kamfanin Lee, mai lamba 216 tana cin wajen sitof ɗaya da rabi, 250 ba ta kai sitof ɗaya ba, 251 kuwa wajen sulusin sitof. Ƙyallaye ma haka aka jera su, akwai irin da ake kira siliki da irin da ake kira girid, kowanne akwai cikakke, akwai rabi, akwai kwata. Mai kauri yana baza haske ko'ina a jikinsa, duk faɗinsa ya zama fitila. Marar kauri kuwa ana hango idon fitilar ta cikinsa, don haka komai girmansa inuwa ba za ta yi taushi sosai ba. Wani lokaci matsalar da mutum yake zaton ta girma ce, ta kauri ce.

A waje lissafin ya juya. Rana tana cika kowane ƙyalle ba tare da wahala ba, abin da kake aunawa shi ne inuwar da firam ɗin ke jefawa, kuma dole duk abin da kyamara ke gani na mutumin ya shiga cikinta. Babu abin da ya fi muni kamar fuska a cikin haske mai laushi, kafaɗa kuma rana na ƙona ta, ga layin sandar firam ya ratsa ƙirji. Rana kuma ba ta jiran kowa, digiri 15 take tafiya a kowace awa. Hirar da za ta ɗauki awa guda, inuwar da ka fara da ita za ta zame daga kan mutum tun ba a gama ba. Don haka a waje nakan ƙara mataki ɗaya a kan abin da zan ɗauka a cikin ɗaki. Tsayin rana ma yana da tasiri. A Landan, a watan Yuni takan hau har wajen digiri 62 da tsakar rana, a Disamba kuwa wajen digiri 15 take tsayawa. Da bazara ƙyallen bisa kai yake zama, da hunturu kusan a tsaye kake kafa shi a gefe. Ko yaushe dai ka karkata shi ya fuskanci rana sosai, nan ne inuwarsa ta fi faɗi.

Wani abu kuma, ka rage wa mutum haske, amma ba ka rage wa bayansa ba. Idan ka sa ƙyalle mai kauri, ka buɗe kyamara don fuska ta fito, sai bishiyoyi da gine-ginen baya su yi fari fat. A waje rabi ko kwata ya fi zama lafiya.

Sai iska, kuma a nan ba na wasa. Firam na 12 sau 12 ya haura murabba'in mita 13 na ƙyalle. Iskar da kai kake ganin ba komai ba ce, shi tana iya ɗaga shi ta kifar da shi a kan mutane. Yana buƙatar manyan sitan biyu, buhunan yashi a kan kowane, igiyoyi a kusurwoyi, da mutanen da aikinsu kawai su tsaya a kansa. Ko 8 sau 8 ban yarda mutum ɗaya ya kafa shi a fili ba. Mai ɗaukar sauti ma ya sani, girid na yau da kullum yana kacau-kacau idan iska ta kaɗa shi, akwai wanda aka yi musamman marar ƙara, shi za ka nema.

Malam, juyo kaɗan wajen ƙyallen. Ku dubi goshinsa da kumatunsa. Fata mai duhu irin tamu tana nuna surar abin da ke haska ta. Ƙaramin haske yana barin ɗigon ƙyalli a goshi da kan hanci kamar mutum ya yi gumi, babba kuma yana shimfiɗa sheƙi mai faɗi da ke fito da tsarin fuska. Saboda wannan, idan ina tsakanin girma biyu a aikin fuska, na sama nake ɗauka in matso da shi. Haka abin yake ga kwalba, agogo ko tabarau, hoton ƙyallen ne kake gani a jikinsu. Amma su ƙanana ne, a wurin kwalbar turare 4 sau 4 ya riga ya zama ƙato, har ma farin tsakiyar faifan nan na mayar da haske, mai naɗewa, na santimita 110 yakan isa. Mota ce dai take neman 20 sau 20 ko fiye.

Idan kai kaɗai kake aiki, kuma ɗaya za ka saya, ni 6 sau 6 nake cewa. Yana tsayuwa a ɗakin zama, yana rufe mutum biyu, kuma ranar da babu iska kai da mataimaki ɗaya kuna iya riƙe shi a waje. Ka nemi irin wanda ake harhaɗa sandunansa, kamar Scrim Jim na Westcott ko Skylite na Manfrotto, domin firam da aka yi wa walda ko na ƙafa 4 ne ba kowace ƙaramar mota yake shiga ba. Kuɗin da ya rage maka ka sa a ƙyalle na biyu, ɗaya mai kauri na cikin ɗaki, ɗaya marar kauri na rana, da buhunan yashi. Ranar da aikin gungun mutane ya taso, ka je wurin masu ba da hayar kayan fim ka ɗauko 12 sau 12, ka tambaye su tare da sitan da igiyoyinsa, ka kuma sa kuɗin mutum biyu masu riƙewa a cikin lissafin da za ka bai wa mai aikin.

Malam, na gode, tashi ka huta. Kama mini ɗaya gefen mu kwance firam ɗin nan. Jama'a, sai mun sake haɗuwa.