Laccar Barista a Bauchi: kuɗin da miji ya saka a jarin matarsa, kyauta ne ko bashi?

Assalamu alaikum, iyayena mata da 'yan uwana 'yan kasuwa, na Wunti da na Muda Lawal duk na gan ku, sannunku da zuwa.

Tambayar da aka fi turo min ita ce wai idan aure ya mutu ana raba dukiya biyu? Wannan labarin na wasu wurare ne, kamar jihar Kalifoniya a Amurka, can abin da aka samu cikin aure na miji da mata ne rabi da rabi. Mu nan ya danganta da irin auren da ka ɗaura. Wanda ya yi auren rajista, dokar shari'o'in aure ta 1970 ce ke aiki a kansa, sashe na 72 ya ba alƙalin babbar kotu dama ya raba kadara yadda ya ga adalci ne, ko shagonka zai iya shiga lissafin. Amma yawancinmu auren Musulunci muka yi, kotun shari'a za mu je, kuma can hukuncin a fili yake: dukiyar miji tasa ce, ta mace tata ce, sadakinta nata, ribar sana'arta tata, ciyarwa kuma a wuyan miji take ko da ta fi shi kuɗi. Suratun Nisa'i aya ta 32 ta faɗa, maza suna da rabo daga abin da suka nema, mata ma haka.

To in haka ne ina rigimar take fitowa? Daga hujja take fitowa wallahi. Ku ɗauka mace tana ƙulla zoɓo da kunun aya, maigida ya kawo dubu ɗari uku aka sayi firiza, ita kuma ta kwashi adashinta ta ƙara aka sa sola, lokacin ana cikin daɗi ba wanda ya ce komai, shekara ta zagayo aka samu saɓani ya ba ta takardarta, sai ya ce firizarsa ce aro ya ba ta, ita ta ce a'a kyauta ya yi mata har a gaban ƙanwarsa, aka nemo rasit sai ga sunan yaron shagonsa da aka aika ya sayo. (Dariya.) Kuna dariya amma alƙali ba ya gidan ranar, shi abin da ya sani mai da'awa ya kawo shaidu, wanda ya musa ya yi rantsuwa. Kayan ɗaki ma da sauƙi, malaman Malikiyya sun ce abin da aka saba na mata ne a bar wa mace da rantsuwarta, na maza a bar wa namiji. To firizar kasuwa fa ta maza ce ko ta mata?

Shi ya sa duk kuɗin da zai shiga sana'a tsakanin miji da mata a kira shi da sunansa tun ranar: kyauta ne, bashi ne, ko haɗin jari ne za a raba riba. A rubuta, shaidu biyu su sa hannu. Wasu za su ce ai wannan rashin yarda ne, Hajiya na ga kina girgiza kai. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta cire ma'aurata ba.

Sai asusun banki. Kar ki yarda kwastoma su riƙa tura kuɗin kayanki akawun ɗin maigida don ba ki da BVN, ki je ki yi, ba ya cin yini. POS da takardar shago da layin wayar da kwastoma suka sani duk su zama da sunan mai sana'ar. Kai ma Alhaji da ka sa sunan amarya a takardar fili don ɓoye wa 'yan uwa, ranar da ta riƙe sai ka yi ta neman shaidu.

Rajistar kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kala biyu ce. Rajistar sunan kasuwa ba ta raba ka da kasuwar, kai ne ita. Kamfani limited shi yake tsayawa da kansa a idon doka, kuma tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma zai iya buɗe ƙaramin kamfani, ba sai ka cusa sunan mata ko miji don cike gurbi ba, don wanda ka rubuta wa hannun jari ya zama nasa ko ba sisinsa a ciki.

Maganar khul'i kuma, sadaki ake mayarwa ko abin da aka daidaita a kai, ba a haɗa da jarinta don kawai ita ta nemi rabuwa. An kira la'asar, in mun dawo sai a miƙo takardun tambayoyi, na mata za mu fara ɗauka.