Ƙa'idojin Darasin Kalkulas ga 'Yan Aji Ɗaya: Laccar Wani Malamin Lissafi a Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai 'yan'uwana, iyayenmu da suka samu halarta, da ku 'ya'yana sababbin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Abin da aka ɗora mini shi ne in yi bayanin sharuɗɗan darasin kalkulas, wanda a manhajar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, yake ɗauke da lambar MTH 102, kuma duk ɗalibin kimiyya ko injiniyanci ko kwamfuta sai ya bi ta kansa a zango na biyu na shekarar farko.

Bari in fara da abin da darasin ya ƙunsa, domin wanda bai san shi ba zai ɗauka tsananin ƙa'idojin mugunta ce kawai. Daga nan Katsina zuwa Daura kimanin kilomita 80 ne. Direban da ya yi tafiyar cikin awa ɗaya, ɗan sakandare ma zai ce gudunsa kilomita 80 ne a awa, alhali kuwa ya tsaya ɗaukar fasinja, ya sassauta a Mashi, ya taka wuta inda hanya ta yi kyau. To, a daidai ƙiftawar ido guda, nawa ne gudunsa? Amsa wannan tambaya ita ce rabin darasin, wato lissafin saurin sauyi. Ɗaya rabin kuma juyin wancan ne: a ba ka gudun motar na kowane lokaci, ka harhaɗa ka fitar da nisan da ta ci. Newton a Ingila da Leibniz a Jamus ne suka tsara wannan ilimi, kowa a nasa ɓangaren, kuma alamar dy/dx da za ku yi ta rubutawa ta Leibniz ce, wanda ya buga aikinsa a 1684. Wanda kuma yake ganin lissafi ba gadonmu ba ne, ya tuna da Malam Muhammadu al-Katsinawi, ɗan ƙasar nan, wanda ya rubuta littafi kan hisabin hatimi, wato jadawalin lambobi da kowane layinsa yake ba da jimla ɗaya, a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Sharaɗin farko ba ya cikin takardar rajista, amma shi ne mafi nauyi, wato aljabara. Kowannenku ya shigo da kiredit na lissafi a WAEC ko NECO, sai dai abin da muke gani a takardun jarabawa shi ne, mafi yawan masu faɗuwa ba sabon darasin ne yake kayar da su ba, tsohon ne. Ɗalibi zai fahimci ƙa'idar da aka koyar sarai, sa'annan a layi na uku ya rubuta cewa (x + 3)² daidai yake da x² + 9, ya manta da 6x da ke tsakiya, daga nan duk abin da ya biyo baya ya rushe. Ko a tambaye shi inda (x² − 4)/(x − 2) yake dosa idan x ta matso kusa da 2, sai ya ga sifili bisa sifili ya ajiye biro, alhali da ya warware na sama zuwa (x − 2)(x + 2) da amsar ta fito fili, wato 4. Saboda haka makonni biyu na farko ku koma wa aljabara da tirigonometiri na MTH 101, ko da kun ci shi da maki mai kyau.

Na biyu shi ne halartar aji. Ƙa'idar da aka saba da ita a jami'o'in ƙasar nan ita ce, sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na laccoci kafin a bar shi ya zauna jarabawa. Ni ina ɗaukar wannan da gaske, domin darasin mako na biyar a kan na mako na huɗu yake tsaye, kuma wanda ya tsallake makonni biyu yakan dawo ya tarar ana wani yare da bai sani ba. Sa wa aboki hannu a takardar halarta laifi ne a kan mutum biyu, mai sawa da wanda aka sa wa.

Yanzu ga rabon maki. Aikin cikin zango, wato gwaji da aikin gida, yana ɗaukar maki 30, jarabawar ƙarshe kuma 70. Daga 70 zuwa sama A ne mai daraja 5, sai B daga 60, C daga 50, D daga 45, E daga 40, abin da ya gaza 40 kuwa faɗuwa ce. Ku lura da abin da wannan yake nufi. Wanda ya shiga zauren jarabawa da 8 cikin 30 yana buƙatar 32 kafin ma ya tsira da E, wanda kuma ya shiga da 22, maki 48 za su kai shi A. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya faɗi zai maimaita kwas ɗin baɗi tare da ƙannensa, kuma darajar sifili da faɗuwar ta ba shi za ta ci gaba da ja masa CGPA ƙasa, wato matsakaicin darajar dukkan kwasa-kwasan da ya ɗauka.

Game da aikin gida, na san akwai manhajojin waya da za ka ɗauki hoton tambaya su ba ka amsa da dukkan matakanta. Ban hana ku duba aikinku da su ba bayan kun gama, ban kuma hana ku zama ku tattauna da juna ba, hasali ma ina ƙarfafa hakan. Amma kowa ya rubuta nasa da hannunsa, kuma amsa tsura ba tare da matakai ba ba ta da maki a wurina, ko da daidai ce. Idan takardu goma suka zo da kuskure iri ɗaya a layi ɗaya, dukkansu sifili ne.

A zauren jarabawa ba a shiga da waya, ko a kashe take, kuma kalkuleta ta kimiyya wadda ba ta ajiye rubutu kaɗai aka yarda da ita. Satar amsa ba malami ne yake yanke hukuncinta ba, kwamitin ladabtarwa ne, hukuncin kuma yakan kai ga kora, ban da dokar ƙasa ta 1999 da ta mai da maguɗin jarabawa laifi. Iyaye, don Allah kada a turo mana manya roƙo a kan wannan, ba ya hannunmu.

Wanda rashin lafiya ko rasuwa ta hana shi gwaji, ya sanar da kodinetan ajinsa a rubuce cikin gaggawa, tare da takardar asibitin jami'a idan ciwo ne, sai a sanya masa wata rana. Uzurin da aka kawo bayan an kafe sakamako ba ya karɓuwa. Zaman bita kuma kowane mako ne, a zo da tambayoyin da aka gwada aka kasa, tare da takardar da aka yi gwajin a kanta. Yanzu masu tambaya sai su ɗaga hannu, mu fara da ɓangaren mata.