Jarinka ya haura da kashi 37, amma nawa ka ci?

Kun ga hoton nan da ake ta yaɗawa: a 2024 kasuwar hannayen jari ta Najeriya ta haura da kashi 37 cikin ɗari da 'yan kai. Ba ƙarya ba ne. Wanda ya zuba naira miliyan ɗaya a farkon shekara, jarinsa ya bi sahun kasuwa sak, zai buɗe waya ya ga kusan 1,376,000.

Lissafin farko ba ya ɗaukar lokaci. Kuɗin yau, a cire abin da aka zuba, a ƙara rabon ribar da kamfani ya biya bayan an zare harajin kashi 10, a cire kamashon dillali na saye da na sayarwa. Ku tsayar da bidiyon ku kwafa. Af, idan ba ka sayar ba, ribar tana kan allo ne kawai, ba a sayen shinkafa da ita.

To, ga inda ake tuntuɓe. Nairar Janairu da nairar Disamba sunansu ɗaya, ƙarfinsu ba ɗaya ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Ma'ana, kayan da miliyan ɗaya ta saya a Disambar 2023, a Disambar 2024 sai ka lale 1,348,000. Ku dubi kwandunan nan biyu, kaya iri ɗaya ne a ciki. Kai kuma 1,376,000 ke hannunka. Raba wannan da wancan: 1.02. Ribarka ta haƙiƙa kashi 2 ke nan. Biyu fa! Kuma ba a taɓa kamasho ba tukuna. A ganina wannan ba cin riba ba ne, tsira da uwar kuɗi ne, kodayake wanda ya ɓoye tasa a ƙarƙashin katifa ya fi ka kuka.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke shigo da kaya daga Sin, ma'auninsa dala ce. A ƙarshen 2023 dala tana wajen naira 900 a farashin hukuma, miliyan ɗinsa dala 1,100 ke nan. A ƙarshen 2024 ta zarce 1,500. Naira 1,376,000 ɗin nan da wayarsa ta shafa wa kore, alamar riba, da ƙyar suka kai dala 900.